Tumbin Ɓauna

Yeap Boon Leong ya mutu a tsakiyar gardama, abin da Khaw Teik Soon ya ɗauka a matsayin rashin mutunci. Ba wai a bakin gadon asibiti ake gardamar ba. An fara ta tun suna da baƙin gashi, a kan teburin marmara na wani shagon kofi da ke titin Kimberley a Penang, inda 'yan ƙungiyar haɗa jiragen roba ke zama kowace Lahadi su raina aikin juna. Ba a kai ƙarshenta ba mutumin ya kwashe kayansa ya tafi, ko sallama babu.

A kan Ɓauna ake yi, guntun jirgin yaƙin nan mai ƙiba da Turawan Ingila suka jibge a sansanin jirage na Butterworth kafin Japanawa su iso. Launin bayanta babu mai musu, kore ne da ruwan ƙasa. Tumbin ne fitina. Boon Leong ya ce shuɗi ne mai haske, domin da idonsa ya gani yana ɗan yaro, kwance rigingine a cikin kwatar da uwarsa ta tura shi ranar da aka fara ruwan bama-bamai. Teik Soon, tsohon malamin lissafi mai kanta guda ta littattafan yaƙi, ya ce kore-kore ne kamar ɓawon ƙwan agwagwa, kuma yaron da ke kwance a kwata yana jiƙa wando ba shaida ba ne a kowace kotu. Sai Boon Leong ya ce, shi dai yana da wandon da zai jiƙa, wani a lokacin ko haƙori bai fitar ba. Hotunan zamanin duk baƙi da fari ne, don haka Allah ya tsare gardamar daga lalacewa.

Abin dariya, babu ɗayansu da ya taɓa ƙarasa Ɓauna. Sun haɗa jiragen Jamus, na Rasha, na Amurka, har da waɗanda ba su taɓa tashi ba. Amma wanda ya fara ɗora Ɓauna a kan teburin nan ya miƙa wuyansa ke nan, kuma kowa ya fi son ya riƙe wuƙar.

Bayan jana'iza da 'yan kwanaki Gaik Sim, matar mamacin, ta aika a kira Teik Soon. Ya same ta a falo tana nannaɗe takardun zinariya da za a ƙona wa mamacin, ta nuna masa wani kwali da haɓa.

"Ah Soon, ga aikinka can."

Ya buɗe. Ɓauna ce, tsawonta bai fi tafin hannu da rabi ba. An haɗa gangar jiki, an manna fukafukai, an fesa fentin shimfiɗa mai ruwan toka. Daga nan aka tsaya.

"Ah So, me zan yi da wannan?" Haka yake kiranta, matar wa, ko da yake bai taɓa yarda mijin ya girme shi a komai ba sai shekaru.

"Miya za ka yi. Ƙarasawa mana! Ranar arba'in da tara da rasuwarsa za mu ƙona masa gida da mota na takarda su same shi a lahira, ya ce a haɗa da jirgin."

"Na roba? Ai takarda ake ƙonawa. Wannan hayaƙinsa sai ya tashi unguwa."

"Na faɗa masa. Ya ce jirgin takarda na yara ne, shi ba zai isa can da abin kunya ba. Kuma kai ya ce a ba."

"Ni? Da bakinsa?"

"Ya ce kanka fanko ne, amma hannunka ba laifi."

Teik Soon ya yi gyaran murya, domin tun da suke bai taɓa samun yabo mai yawan wannan daga mutumin ba. Ya rufe kwalin a hankali, ya tambaya kamar wanda abin bai dama ba:

"Bai ce komai ba game da launi?"

"Ya buɗe baki zai ce, tari ya sarƙe shi. Daga nan ma'aikatan jinya suka fitar da ni." Ta dube shi ta saman tabarau, ta ɗan jima tana dubansa, sannan ta koma kan takardunta.

A cikin bas, kwali a kan cinya, wani farin ciki mara kunya ya lulluɓe shi. Kowa ya san abin da aka ƙona wa mamaci yadda yake haka yake isa gare shi, kuma a can ba ya tsufa, ba ya koɗewa. Ke nan Boon Leong zai zauna a sabon gidansa mai hawa uku, barori na yi masa fifita, ga Ɓauna a kan kanta da koren tumbi har abada. Babu kantin fenti, babu Lahadi, babu bakin ramawa. Da mutumin kirki ne, da ya ji nauyin wannan tunani. Teik Soon kuwa ya sauka a kasuwa ya sayi ƙwan agwagwa mai gishiri, ya je gida ya wanke baƙar tokar da ke jikin ƙwan, ya ajiye shi a kan teburin aiki don gwada launi.

Mugunta ta fi ƙauna sa mutum ya kyautata aiki. Bai taɓa yi wa wani jirgi hidimar da ya yi wa wannan ba. Ya fara da layin da ɓarin jiki biyu suka haɗu, inda hannun mara lafiya ya yi rawa ya bar tudu. Ya cike, ya goge da samfefa mai laushi, ya sa farce ya shafa, ya sake gogewa har layin ya ɓace, kuma wannan bai faɗa wa kowa ba. Da ya leƙa mazaunin matuƙi da tocila sai ya tarar Boon Leong ya zana kowane agogon gaban matuƙi da allurarsa, a wurin da ido ba zai sake kaiwa ba da zarar an rufe gilashi. Ya ce, "Aikin banza," ya zauna ya yanka wa kujerar ɗamara daga takardar azurfar maganin hawan jininsa, da ƙulle-ƙullenta.

Feshi da sassafe yake yi, kafin iskar teku ta jiƙe ta sa fenti ya yi hazo. Kore da ruwan ƙasa a baya, gefen kowane launi a narke cikin ɗan'uwansa. Ranar tumbi kuwa har wanka ya yi ya sa riga mai guga. Ya zuba fari, ya ɗiga kore, ya taɓa rawaya da bakin tsinken sakace, ya gwada a jikin ƙwai, ya ƙara, ya rage, har sai da ya kasa bambanta fenti da ɓawo. Ya fesa. Sannan ya fasa ƙwan ya cinye da kunun shinkafa, ya ji bai taɓa cin mai daɗinsa ba.

Saura ƙazanta, wadda ita ce ainihin gwaninta. Ya jiƙa tambura a ruwa ya zame su da hantsaki suka kwanta kamar da fenti aka zana. Ya kankare alli baƙi ya shafa hayaƙi a bayan bututun inji. Ya ɗiɗɗiga ruwan azurfa a gindin fiffike, inda takalman matuƙi suka ci fenti. Wayar rediyo kuma, ya gasa guntun roba a kan kyandir ya ja shi har ya koma siririn gashi.

Dakta Kanesan, tsohon likitan haƙori kuma alƙalin gasar ƙungiya, ya zo gani. Ko'ina za shi da ɗan madubinsa na leƙa baki a aljihu, wanda ya bar sa wa mutane ya koma sa wa jirage. Ya zura shi a ramin taya, ya zagaya, ya kifa jirgin, sai ya ga launin tumbin.

"Malam Khaw, kai ba ka tsoron komai? Mutum ya mutu ka bi shi har can da ƙwan agwagwa?"

"Gaskiya nake aika masa, Dakta. Can ma ana bukatarta."

"In ya zo maka a mafarki fa?"

"Ya zo da hujja."

Kanesan ya girgiza kai, ya sake zura madubi. "Abin haushin, ka san ban taɓa ba ka na ɗaya ba."

"Na sani. Na ɗauka ciwon ido ne."

"To wannan da na ba ka. Duk tsawon shekarun nan kana kawo mini tarkace, sai da za a cinna wa abu wuta ka tuna ka iya aiki."

Ranar arba'in da tara aka taru a filin bayan haikali. Ga gidan takarda ya fi mutum tsawo, da barori a ƙofa, da mota da direbanta, har da na'urar sanyaya ɗaki, wai ko can ɗin da zafi. Kafin wuta, Gaik Sim ta durƙusa gaban hoton mijinta da turaren tsinke, ta ɗauki 'yan katakon tambaya guda biyu masu siffar jinjirin wata. Ɗaya a kife ɗaya a rigingine, ya karɓa. Duka a kife, ya ƙi. Duka a rigingine, dariya yake yi.

Ta tambaye shi ko ya karɓi gidan, ta watsa katakon. Ya karɓa. Ta tambaye shi batun mota. Ya karɓa, har wata gwaggo ta ce dama tun yana raye yake son irinta. Sannan aka ɗora Ɓauna a gaban hoton, Teik Soon ya harɗe hannu a baya yana kallon sama kamar wanda ya zo rakiya.

Katako suka faɗi duka a kife.

"Hannuna ne ya zame," in ji Gaik Sim. Ta sake. A kife.

"Ko don ba a sa masa matuƙi a ciki ba?" in ji gwaggon. "Mota da direba, jirgi ba kowa. Wa zai tuƙa shi?"

Aka tambaya ko matuƙi yake so. Katako suka kwanta rigingine, suna dariya.

Mai addu'ar haikalin ya duba agogo, ya ce lokacin wuta na wucewa. Gaik Sim ba ta kula shi ba. Ta miƙa hannu ta ɗauki jirgin, ta kifa shi, ta ƙura wa tumbin ido. Sannan ta juyo.

"Ah Soon."

"Na'am, Ah So."

"Tun ina amarya nake cin abinci da tumbin nan a kan teburina. Da safe tumbi, da dare tumbi. Ranar da na haifi 'yarmu, ya zo asibiti yana ba ni labarin abin da ka ce da abin da ya ce. Kana tsammanin ban san launin da yake so ba?"

"Ah So, katako ne fa. Rabi da rabi ne, kowane ɗan aji ɗaya ya san lissafin."

"To matsa ka faɗa masa, ga shi nan."

Teik Soon ya dubi hoton. An ɗauke shi ne a wani biki, Boon Leong ya ɗaga gira ɗaya, baki a ɗan karkace, daidai yadda yake yi idan ya ga an kusa ƙure masa ya kuma san ba zai yarda ba.

"Ɗauki kayanka," in ji ta. "Ranar cika ɗari ka dawo da shi yadda zai karɓa."

Aka ƙona gida da mota da barori. Teik Soon ya fita da kwalinsa a hammata, kunnuwansa na zafi, yana magana shi kaɗai har masu babur na waiwaye. A bakin titi ya ji wata irin yunwa da rabonsa da ita tun ranar jana'iza. Ya zauna ya ci faranti biyu na soyayyar taliyar shinkafa, ya ce a ƙara barkono.

Lahadi ya riga kowa zuwa shagon kofi.

"Kun ga mutumin nan? Ya mutu ma bai bar taurin kai ba! A gaban jama'a, a gaban mai addu'a!"

Teburin da ya yi makonni kamar ɗakin jiran likita ya farfaɗo. Wasu suka ce mamaci ya fi kowa sani, tunda yanzu yana iya tambayar matuƙan da kansu. Teik Soon ya ce matuƙi a sama yake zama, yaushe ya ga tumbi? Wani ya ce a fesa shuɗi a kan koren, kowa ya samu nasa. Ya ce shi ba ɗan siyasa ba ne. Kanesan ya ce a bar mamaci ya huta, aka ce masa ya yi shiru, shi da addininsa ma daban. Har kujerar Boon Leong, da aka bari ba mai zama, Teik Soon ya koma juyawa yana nuna ta da cokali idan ya kawo hujja mai ƙarfi.

Fenti kuwa ko buɗe shi bai yi ba. Lissafinsa mai sauƙi ne: katako ba su san Ɓauna ba, ba za su yi ta faɗuwa a kife har abada ba. Haƙuri kawai ake bukata, kuma a wannan karon shi ne mai sauran lokaci.

Ranar cika ɗari a gida aka yi, mutane kaɗan, da gangar ƙarfe a lungun baya ana hura wuta a ciki. Kanesan ya zo, wai don kada a yi kisa ba likita. Gaik Sim ta buɗe kwalin, ta kifa jirgin, ta ga koren nan yadda ta bar shi. Ta ja dogon numfashi irin na matar da ta riga ta binne ɗaya daga cikin masu taurin kan nan biyu, ta durƙusa, ta watsa katako.

Ɗaya a kife, ɗaya a rigingine.

"Ya karɓa!" in ji gwaggon.

"A sake," in ji Teik Soon. Shi kansa bai san ya yi maganar ba.

Aka sake. Ya karɓa. Aka yi na uku don a tabbatar, katakon suka yi 'yar rawa a kan siminti suka kwanta, ɗaya a kife, ɗaya a rigingine.

Ɗakin ya ɗauki hayaniya. Kanesan ya kama hannunsa yana girgizawa. "Ka ci, Malam! Ya sallama! Kore ne, har lahira an sa hannu!"

Teik Soon ya tsaya yana jiran daɗin ya zo. Ya shirya masa wuri tun a cikin bas, ya san ma irin murmushin da zai yi. Ya dubi hoton. Girar na nan a ɗage, bakin na nan a karkace, amma yau takarda ce kawai a cikin gilashi. Boon Leong bai taɓa ce masa "to" ba, ko a kan yawan sukarin kofi. Duk wanda ya yi jinyar wani har ƙarshe ya san ranar da majinyaci ke daina musu, ka ce ya sha magani ya sha, ka ce ya kwanta ya kwanta, dangi su ce ai ya samu sauƙi. Ba sauƙi ba ne. Ya gama da kai ne.

"Kai ka yi, kai za ka saka," in ji Gaik Sim, ta ɗora masa jirgin a hannu.

Suka fita lungu. Wuta na ci a gangar, zafinta na dukan fuska. Da zarar ya saki, roba za ta narke, hayaƙi ya tashi, Lahadi mai zuwa a yi masa barka, wadda ke biye a yi hirar farashin fenti. Ya riƙe Ɓauna a tafin hagu. Babban yatsansa na dama ya sauka a kan ƙafar taya, wadda ya ɓata yini guda yana daidaitawa, ya danna.

Ƙas.

"Ash!" in ji shi. "Ta karye."

Kanesan, wanda ya ga yatsan sarai, ya zaro madubinsa da nutsuwar mai aiki, ya duba karayar ta sama, ya duba ta ƙasa.

"Ba ta cancanta ba," ya ce. "Ƙafa ɗaya? Ko a gasar yara ba zan karɓa ba. Yaya za ta sauka in ta isa?"

"Ai kuwa," in ji gwaggon, "kada ta je ta faɗa masa a kan sabon gida."

Gaik Sim ta dubi likitan, ta dubi malamin, tsofaffi biyu sun sunkuyar da kai a kan abin wasa kamar masu ta'aziyya. Gefen bakinta ya motsa, ta danne shi.

"Sai lokacin share kaburbura na shekara-shekara," ta ce. "A can za mu tambaye shi. In ta sake karyewa, Ah Soon, kai zan jefa a gangar."

"Na gode, Ah So."

"Kada ka gode mini. Ni na ɗauka na huta."

Suna tafe a inuwar shaguna, kwali a hammata, Kanesan na ta ƙunshe dariya. Sai da suka kusa tashar bas Teik Soon ya yi magana.

"Dakta, kantin fentin nan na Komtar, har yanzu suna da shuɗi mai haske?"

Kanesan ya ja birki. "Shuɗi? Shuɗin me? Ai ka ci!"

"Yi tunani mana. Mutumin nan tun da na san shi bai taɓa faɗar daidai ba, ko sau ɗaya. Yau ya ce kore ne." Ya gyara riƙon kwalin, idonsa na ƙyalli. "Ba ka ga dole in sake duba maganar ba?"